Wace Eriya Za Ka Saya a Legas: Ta Ɗaki, Mai Busta, Ƙirar Gida, ko Dish?

Idan ka shiga layin masu kayan lantarki a kasuwar Alaba ko Oshodi ka ce kana neman eriya, kusan abu huɗu za a jera maka a kan teburi. Akwai 'yar ƙarama wadda ake ɗorawa kan talabijin ko a manna ta a taga. Akwai mai ƙyalli da ke zuwa cikin kwali mai hotuna, da busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, da fitila ja, wani lokaci har da rimot ɗin juya ta. Akwai doguwar nan mai haƙarƙari wadda ake ƙerawa a ƙananan masana'antu na iyali a nan cikin gari. Sai kuma dish, wanda shi hanyarsa daban ce. Mutanenmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago sun fi karkata ga ta biyu, saboda ita ce ke cika ido. Ni kuwa ina ganin mafi yawanmu ta uku ce ta dace da mu, kuma zan faɗi dalilaina, tare da wuraren da ba ta dace ba.

Kafin a je ga zaɓi, akwai abin da ya kamata a warware, domin a kansa ake yawan cutar mutane. Eriya ba ta ƙara maka yawan tashoshi. Aikinta kawai ta tsinto igiyar da wata hasumiya ta watso a iska, ta miƙa wa dikoda. Yawan tashoshin da za ka gani ya dogara ne ga dikodar da ke hannunka da kuɗin watan da ka biya. Najeriya ta ɗauki tsarin da ake kira DVB-T2 don talabijin na dijital. An fara gwajinsa a Jos a watan Afrilun 2016, bayan wa'adin duniya na watan Yunin 2015 ya wuce ba a kammala ba, kuma sai a Afrilun 2021 aka ƙaddamar da shi a Legas ƙarƙashin sunan FreeTV. Tun kafin nan StarTimes da GOtv suna watsa shirye-shiryensu ta hasumiyoyi a ƙasa. Dukkansu suna amfani da zangon UHF ne, wanda ke farawa daga megahaz 470. Ke nan duk eriyar da aka yanka daidai da wannan zango za ta yi musu aiki, ko an rubuta "dijital" a kwalinta ko ba a rubuta ba. Wanda ya ce maka eriyarsa za ta buɗe maka tashoshin da ba ka biya ba, ka riƙe kuɗinka.

Abu na biyu shi ne halin sigina ta dijital. A zamanin da, idan sigina ta yi rauni sai hoto ya yi yayyafi amma ana gani a haka, ana jin magana. Yanzu babu wannan tsaka-tsakin. Ko dai hoto ya fito tar, ko ya farfashe ya tsaya cak, ko allo ya yi baƙi. Saboda haka eriyar da ke kamawa da ƙyar ranar da gari ya yi wasai, ita ce za ta yanke maka ana tsakiyar labarai da zarar hadari ya haɗo. Abin da ake nema shi ne rara, wato sigina ta wuce abin da dikoda ke buƙata da tazara mai kyau.

Eriyar ɗaki ba ta buƙatar dogon bayani. Ita ce mafi araha, ba a hawa rufi, ba a neman izinin mai gida, idan za ka tashi ka sa ta a jaka. Ga mai ɗaki ɗaya a gidan haya, musamman wanda ke saman bene kuma tagarsa na fuskantar fili, tana iya wadatarwa. Matsalarta bango ne. Ginin bulo mai rodi a ciki, da rufin kwano, da ƙarafan taga, duk suna cinye sigina kafin ta iso. A ɗakin ƙasa da ke tsakiyar dogon layin ɗakuna, irin wanda da yawa daga cikinmu ke haya a Mushin ko Ijora, za ka ga mutum ya wuni yana zagaye da ita, ya ɗora kan firji, ya rataye a ƙusa, wani ya gifta ta gabanta hoto ya ɗauke. Idan ita kaɗai ce ke yiwuwa a inda kake, ka saye ta da sharaɗin za ka mayar in ba ta kama ba, kuma ka sa ta a taga, sama-sama, nesa da fanka da cajar waya.

Mai busta ita ce na fi son a tsaya a kanta, don ita ce ke cin kuɗin jama'a. Idan ka buɗe robar da aka lulluɓe ta da ita, sau da yawa abin da ke ciki 'yan guntayen ƙarfe ne marasa kauri da ƙaramin allo mai ƙara ƙarfin sigina. Busta kamar lasifika take: abin da aka ba ta shi take ɗagawa, in murya ce murya, in hayaniya ce hayaniya. Idan ƙarfen da ke gaba bai tsinto sigina mai tsabta ba, busta ba za ta ƙirƙiro ta ba. A cikin Legas ma lamarin ya fi haka, domin gari ne da ke cike da hasumiyoyin rediyo da talabijin da na kamfanonin waya, kuma wani ɓangare na saman zangon UHF, wajen megahaz 700 da 800, an riga an ba kamfanonin waya suna amfani da shi don intanet. Busta mai araha ba ta tacewa, komai take haɗiya. Wanda gidansa ke kusa da hasumiya sai sigina ta yi mata yawa ta ruɗe, ka ga dikoda na nuna ƙarfi ya cika amma inganci ya faɗi ƙasa, hoto na tsinkewa. Mutum sai ya ɗauka ƙarfi ne bai isa ba, ya koma kasuwa ya sayo wadda ta fi ta.

Sannan tana buƙatar wuta. Ga mai kallo da batir ko sola, wannan ƙarin kaya ne, kuma ƙaramar na'urar da ke ba ta wuta ita ce ke fara ƙonewa idan wuta ta dawo da ƙarfi. Da ta ƙone, eriyar duka ta mutu, domin sigina ba ta ratsa mataccen allo yadda ya kamata. Mai juyawa da rimot kuwa, injin da ke cikinta na roba ne, ruwan Yuni da Yuli na shiga ya tsaya. Ban ce busta ba ta da amfani ba. Tana da shi a wuri biyu: idan kana can bakin gari nesa da hasumiya, kamar ƙauyukan bayan Ikorodu, Epe, Badagry ko wajen Mowe, ko kuma idan wayarka doguwa ce ƙwarai ko za a raba ta zuwa talabijin uku ko huɗu. Ko a nan ɗin ma, abin da ya fi shi ne a sayi eriya mai kyau, sannan a sayi busta daban a ɗaura ta a sanda dab da eriyar, yadda in ta lalace za a cire ta ita kaɗai.

Ita kuwa ƙirar gida, fasalinta ba sabo ba ne. Wasu malaman jami'a biyu a Japan, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, su suka fito da shi a 1926, kuma har yau shi ake gani a kan rufin gidaje ko'ina a duniya. Doguwar sanda ce guda, an gicciya mata gajerun sanduna. Ta baya ita ce mafi tsawo, tana maido da sigina gaba. Ta gabanta ita ce ake haɗa wa waya. Sauran da ke gaba suna raguwa a tsawo, suna tattaro sigina daga fuska ɗaya. Shi ya sa ɓangaren gajerun ne ake nuna wa hasumiya. Babu wuta a cikinta, babu allo, babu abin ƙonewa. Duk sirrinta awo ne. Tsawon igiya a megahaz 600 rabin mita ne, don haka sandar da ke ɗauke da waya takan kai kimanin santimita 25. In maƙeri ya yanka da ka, ya ƙara yatsa biyu ko ya rage, eriyar za ta yi kyau a ido amma ta kauce daga zangon da ake so.

Akwai wani shagon iyali a bayan titin jirgin ƙasa a Agege da nake kai mutane. Uban ne ke yanka, yana da wani tsohon katako da ya yi wa tsaga-tsaga, kowace tsaga da tsawon sandarta, ba ya yarda yaro ya yanka ba tare da ya ɗora bututun a kai ba. Babban ɗan ke huda da ɗaure noti, ƙaramin ke hawa rufi, matar babban kuma ita ke riƙe da littafin masu bashi da masu oda daga cikin gida. Wani mai sayar da albasa daga Mile 12 ya zo yana son mafi tsawo a shagon.

"Alhaji, a ina gidan yake, kuma sama ne ko ƙasa?" in ji dattijon.

"Ketu ne, Baba, bene hawa biyu, ni ne a sama."

"To wannan doguwar ba taka ba ce, ranka ya daɗe. Ɗauki matsakaiciyar, ragowar kuɗin ka sa a waya mai kyau. In ba ta kama ba, yaro zai zo ya duba, ba sai ka biya ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce babban bambancin da ke tsakanin ƙirar gida da kayan kwali. Mai kwali ya sayar ya gama. Iyalin da ke ƙera abu da hannunsu, kuma suna zaune unguwa ɗaya da kai, kuna haɗuwa a masallacin Juma'a, ba za su so a riƙa nuna shagonsu ana cewa kayansu ba sa aiki ba. Kuma in sanda ɗaya ta karye, ko tsuntsu ya lanƙwasa ta, ita kaɗai za a canza. Dalilin da ya sa dattijon ya hana mai albasa doguwar ma gaskiya ne: yawan sanduna na ƙara nisan kamu, amma yana ƙuntata fuskar da eriya ke kallo, har iska kaɗan ta juya ta ta kauce. A tsakiyar gari, inda hasumiya ba ta da nisa, matsakaiciya ta fi kwanciyar hankali.

Sai dai ba kowace ƙirar gida ce abin yabo ba, kuma bai kamata son namu ya rufe mana ido ba. Akwai masu kwaikwayon siffa kawai ba su san awo ba. Akwai masu amfani da bututun labule ko ƙarfen da aka shafa wa farin fenti ya yi kama da alminiyam. Legas gari ne na bakin teku, iskarta na ɗauke da gishiri da laima, kuma duk wanda ke zaune wajen Apapa, Obalende, Ajah ko Ojo ya san yadda ƙofar ƙarfe ke cin tsatsa cikin ɗan lokaci. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. In ya manne a sandunan, ba alminiyam ba ne, ajiye. Ka duba notocin, domin wurin da baƙin ƙarfe ya haɗu da alminiyam cikin laima mai gishiri nan ne ake fara ci, sai ka ga farin gari na fita, haɗin ya saki. Ka buɗe ɗan akwatin robar da waya ke shiga, ka ga ko murfinsa na rufuwa ruf kuma ƙofar wayar na kallon ƙasa. Ka kuma tambayi maƙerin wane zango ya yanka wa. In ya ce maka tana kama komai da komai, daga rediyo har tauraron ɗan'adam, bai san aikinsa ba.

Waya ita ce abin da kowa ke rainawa, alhali rabin ƙorafin da ake ɗora wa eriya daga gare ta yake. Wadda ta dace ita ce mai lamba RG6, ba siririyar RG59 ba. Ko mai kyau ɗin ma, a zangon UHF kusan rabin ƙarfin sigina na zubewa a kowace mita 15 zuwa 20, don haka kada a bar ragowar waya a naɗe bayan talabijin, a yanke daidai buƙata. Ka sa mai shago ya feɗe maka bakinta ka gani. Saƙar da ke zagaye da ita ta kasance mai yawa, ba 'yan silalla huɗu ba. Zaren tsakiya in jan ƙarfe ne zalla ya fi jure laima. Akwai wanda ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, yana aiki lafiya yana sabo, amma da ruwa ya shiga sai tsatsa ta bi shi ciki. Araha ba ta ado a nan. Kada a yi haɗi a tsakiyar waya da murɗe-murɗe da salatif. Kafin ta shiga ɗaki a sakar mata ɗan lanƙwasa ƙasa yadda ruwan da ke bin jikinta zai ɗiga a waje. Kuma duk na'urar da ke raba layi gida biyu tana rage wa kowane ɓangare fiye da rabin ƙarfi, abin da masu gidan haya da ke haɗa kuɗi su sayi eriya ɗaya ya kamata su sani tun farko.

Wajen ɗaurawa, Legas ba ta da duwatsu, shimfiɗaɗɗiya ce, abin da ke tare sigina gine-gine ne da tankunan ruwa. Ƙarin mita biyu a tsawon sanda sau da yawa ya fi sauya eriya. Ka dubi inda eriyoyin maƙwabta masu irin dikodarka suka fuskanta, da kuma yadda sandunansu suke, a kwance ko a tsaye, domin dole su yi daidai da yadda hasumiyar ke watsawa. Daga nan mutum ɗaya ya tsaya gaban talabijin ya buɗe shafin sigina, ɗaya na sama yana juyawa a hankali. Layin inganci za a bi, ba layin ƙarfi ba. Ina roƙon duk mai hawa rufi ya ɗaga kai ya dubi wayoyin lantarki kafin ya miƙar da sandar ƙarfe, domin a unguwanninmu wayoyin na bi ta kan rufi ne, kuma an sha yin asarar rai a irin wannan. Kada a hau rufin kwano yana jiƙe. Idan ana tsawa a zare wayar eriya daga bayan dikoda.

Dish kuwa ba kishiyar waɗannan ba ne, amsar wata tambaya ce daban. Shi ba ruwansa da hasumiyar Legas, sama yake kallo. Wanda abin da ya dame shi shi ne tashoshin gida, na wa'azi da tafsiri da waɗanda ke watsowa daga Kano da Kaduna da Nijar, ya sani da yawansu ta tauraron ɗan'adam suke zuwa, wasu ma kyauta, kuma duk tsawon eriyarsa ba za ta kawo su ba. Wasu tashoshin Hausa, irin su Arewa24 da ta fara a 2014 da Africa Magic Hausa, ana samunsu cikin jerin kamfanonin da ake biya, saboda haka kafin ka yanke shawara ka karɓi jerin tashoshin kowane kamfani ka duba da idonka ko abin da iyalinka ke kallo na ciki, kuma a wane matakin kuɗi. StarTimes na da dikodar eriya da ta dish, kuma ba sa musanya, ka tabbatar wadda ka saya. Raunin dish a nan shi ne ruwan sama: mamakon Legas na yanke siginar dish har sai ya tsagaita, alhali eriyar ƙasa mai rara takan ci gaba da aiki. Ga tsadar saye da ta mai saitawa, ga neman yardar mai gida kafin a huda masa bango. Mai gidan kallon ƙwallo, dish ne ya fi dacewa da shi. Mai shayi ko mai aski da ke son labarai da fim su riƙa tafiya don masu jira, matsakaiciyar eriya a kan sanda ta ishe shi, kuma in hukuma ta tashe su daga wurin, cikin minti kaɗan ya kwance abarsa.

Ga wanda ke yawan canza ɗaki, kamar 'yan uwanmu masu acaba da masu gadi da 'yan ci-rani da ke komawa gida da damina, ba na ba shi shawarar kashe kuɗi a kan sanda da doguwar waya. Ya fara gwada ta ɗaki. Ga magidanci da ya zauna da iyali, yana da damar hawa rufi, ƙirar gida ta alminiyam da waya mai kyau ita ce za ta fi daɗewa ba ta tambaye shi komai ba.

Saura rediyo, wanda shi ne abokin zaman da yawa daga cikinmu tun kafin talabijin. Eriyar talabijin ba ta yi masa aiki sosai, domin zangon FM na tsakanin megahaz 87.5 da 108 ne, igiyarsa ta kai mita uku, sandunan UHF sun yi mata gajarta. A cikin gari tashoshi irin su Bond FM a 92.9, mai shirye-shirye da harsunan gida, suna da ƙarfin da sandar jikin rediyon ta isa, a zare ta duka kawai. Wanda ke bayan gari zai iya sa maƙeri ya yanka masa sanduna biyu, kowace kimanin santimita 75, a haɗa su baki da baki da waya a tsakiya. Masu bin sashen Hausa na gidajen rediyon ƙetare a gajeren zango kuwa, irin BBC da ta fara Hausa a 1957, ba sa buƙatar sayen komai a kwali. Siririyar waya mai rufi, mita biyar zuwa goma, a miƙe ta a waje daga taga zuwa wani abu mai tsayi, a naɗa bakinta a sandar rediyon, ta wadatar. Abin da ke kashe gajeren zango a Legas ƙarar da janareta da inbata da fitilun zamani da cajar waya ke zubawa ne, don haka a nisanta wayar daga layin wuta, a yi amfani da batir lokacin labarai, a matsar da rediyon kusa da taga.